Ganyen tumatirin da ya nannaɗe ba ya jin feshi

Ka zo ka ce min: "Baba, tumatirin da na dasa a bakin kogin Galma ganyensa ya ƙanƙance, ya nannaɗe sama kamar cokali, gefensa ya yi rawaya, fure yana ta zuba. Sau uku ina feshi bai ji ba. Wane magani zan ƙara saya?"

Kada ka ƙara sayen komai, yaro. Duk gindin da ya yi haka ya riga ya tafi. Ba tsutsa ba ce, ba kuma yunwar taki ba ce. Ƙwayar cuta ce da malaman gona na Samaru a Zariya ke kira bairos, tana cikin ruwan jikin shukar tun daga saiwa har toho, kuma babu shagon da ke da maganin da zai fitar da ita. Ku yaran yanzu kowace matsalar tumatir Sharon kuke ce mata. Sharon daban take: tsutsa ce mai huda ganye da 'ya'ya, ita ce ta sa gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir a 2016. Wannan taka kuwa farin ƙuda ne ya kawo ta.

Je ka girgiza gindi ɗaya da hantsi, za ka ga wasu 'yan fararen abubuwa sun tashi kamar toka. Su ne. A bayan ganye suke zama, can suke ƙwai, can suke tsotso. Idan farin ƙuda ya zauna a kan shuka mai ciwo kamar minti 15 zuwa 30, ya ɗauka. Cutar sai ta bi cikinsa ta isa yawunsa, abin da ke cin sa'o'i 8 zuwa kwana guda, daga nan kusan duk sauran rayuwarsa yana zuba ta a duk tumatirin da ya tsotsa. Abin da nake so ya zauna maka a kai shi ne wannan: alamar ba ta fitowa sai bayan sati 2 zuwa 3. Ganyen da kake gani yau, an harbe shi tun kafin ka san akwai matsala, kuma sau da yawa tun yana gadon reno.

A nan ne aka cuce mu, kuma har gobe ban huce ba. Wata shekara renon lambunmu ya ƙone saboda injin ban-ruwa ya tsaya, dole aka nemi dashe a waje don kada lokaci ya wuce. Wani mai reno ya kawo mana, kore shar, ɗauri-ɗauri, aka juya bayan ganye ba ko ƙuda ɗaya. Ya rantse iri ne na gwangwani mai kyau. Aka biya shi lakadan, aka dasa, aka zuba takin farko, aka biya 'yan ƙwadago. Kwana 12 zuwa 15 sai toho ya fara murɗewa. Da a ce daga waje ƙudan ya shigo, da ciwon ya faro daga gefen da iska ke bugowa, ya riƙa cin ciki a hankali. Wannan ko'ina ya tashi lokaci guda, tsakiya da gefe, fangali bayan fangali, kuma iya inda aka sa dashen mutumin nan kawai. Da aka bi sawu sai ga gadon renonsa jingine da tsohuwar gonar auduga da sauran kuɓewar damina da ba a tuge ba, ga ragowar tumatir mai ciwo a gefe. Auduga na bushewa a watan goma zuwa na sha ɗaya, farin ƙuda sai ya taso neman ɗanyen ganye, ya bi ta kan tsohon tumatirin ya sauka a kan renon. Mai renon ya ga ƙudan sarai. Abin da ya yi shi ne ya fesa magani ana gobe zai tuge, ƙudan ya mutu, cutar ta zauna a ciki, ya sayar. Shukar da ta kamu tana ƙarama ba ta yin 'ya'yan kirki, ko kuɗin kwanduna ba a mayar ba. Da aka same shi sai ya ce ƙasarmu ce ba ta da kyau. Ƙasar da kakanninmu suka ci suka bar mana! Wannan cutar ba a cikin ƙasa take ba.

Saboda haka reno da hannunka za ka yi shi. Nesa da auduga, nesa da tsohuwar kuɓewa da tsohon tumatir, ka cire zaƙami da gautan kaji da ke kewaye, domin a jikinsu ƙudan da cutar ke fakewa tsakanin girbi da girbi. Ka rufe gadon da raga tun ranar shuka har ranar tugewa, sati 4 ke nan. Gidan sauro ba zai yi ba, idonsa ya yi faɗi, farin ƙuda ratsa shi yake. Ka nemi ragar lambu mai lamba 50, ka binne bakinta da ƙasa ta kowane gefe. In za ka sayi iri, duba jikin fakiti ko an rubuta TYLCV, wato sunan wannan cutar a taƙaice, cikin abubuwan da yake jurewa. Jurewa ce, ba wai ba ya kamuwa ba, amma yana haihuwa.

Darɓa kuma, 'yan ƙwarin nan masu taruwa a toho suna tsotso, nata salon daban, kuma ita ce ke lalata attarugu da tattasai da kankana, ganye ya yi dabbare-dabbare, ɗan ya fito a murguɗe. Ita a tsinin bakinta take ɗaukar irin wannan cutar. Daƙiƙu kaɗan na ɗanɗana sun isa ta ɗauka, daƙiƙu kaɗan sun isa ta zuba, kuma bayan ta soki shuka ɗaya ko biyu bakin ya wanke. Shi ya sa feshi ba ya hana wannan: kafin maganin ya kashe ta, ta gama aikinta. Mai fiffiken da ke wucewa ita ce mai ɓarna, ba wadda ka ga ta taru a toho ba. Abin da ke taimakawa shi ne katangar masara, layi 2 ko 3 kewaye da lambu, ka shuka sati 3 kafin dashe. Darɓar sai ta fara sauka a kan masara ta goge bakinta a can. Kada ka raina ta. Darɓa ce ta yaɗa kuturtar gyaɗa da ta cinye gonakin Arewa a 1975, tambayi duk wani dattijo.

Feshi yana da wurinsa, amma don rage ƙudan ne. Magungunan ƙwarin nan, imidakulofirid da asetamifirid, dangi ɗaya ne ko da sunan kwalba ya bambanta. In ka yi ta jera su, ƙudan da ya saura zai iya sabawa, ya daina jin su duka biyun. Ka riƙa sauyawa da ruwan 'ya'yan darbejiya: giram 50 na dakakken ƙwallo a kowace lita, ya kwana a jiƙe, ka tace, ka ɗan sa sabulu. Bakin famfo sama zai kalla, domin a bayan ganye suke. Ku kuna tafe kuna latsa waya kuna jiƙa saman ganye, sannan ku ce magani jabu ne. Ka kuma kafa 'yan alluna masu launin rawaya da ka shafa wa giris, daidai tsayin shuka, su za su gaya maka ranar da ƙudan ya iso.

Gobe da asuba, kafin rana ta sa ƙudan ya tashi, ka zo da buhuna. Kowane gindi mai ciwo ka fara kifa masa buhu tukuna sannan ka tuge, don kada ƙudan da ke jikinsa ya watse kan masu lafiya. Ka ɗaure bakin buhun, a kai nesa a binne. Kada in ga ko ɗaya a yashe a bakin kwata.