Tambaya da Amsa: Tsohon kwaɗon da babu suna

Tambaya: Malam barka da aiki, mun je ziyara wani tsohon kango mai tarihi sai na tsinci kwaɗo a ƙasa duk ya yi tsatsa, babu suna babu lamba, dan Allah ya zan yi in gane shekarunsa?

Amsa: Toh ɗan'uwa, da farko dai kar ka goge shi da sanfefa ko ka jiƙa shi a asid, sau da yawa sunan kamfanin yana nan ƙarƙashin tsatsar kuma gogewa ce ke cinye shi. Ka haska tocila ta gefe ka duba.

Ramin makullin shi ne babban shaida. In siriri ne mai lanƙwasa irin na makullin da muke riƙewa yanzu, to wannan tsarin wani mai ƙera makullai da ake kira Linus Yale ƙarami ne ya yi masa rajista a Amurka a 1861 da 1865, kenan kwaɗon bai girmi lokacin ba. In kuma jikinsa faranti-faranti ne na ƙarfe da aka jera aka ɗaure da ƙusoshi, irin na kamfanin Master Lock ne, shi kuwa sai a shekarun 1920 ya fito. Wanda ramin ke da faɗi, da ɗan turke a tsakiya, ga alamun guduma a jiki, wannan zai iya zama aikin maƙeri, amma fa maƙera sun daɗe suna yin irinsa, dan haka shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Sa maganaɗisu ma, in bai kama ba mai yiwuwa tagulla ce.

Sannan gaskiya bai kamata ka ɗauke shi ba, ka kai wa masu kula da wurin ka nuna musu daidai inda ka same shi.