Me Matan Densu Suke Aunawa a Cikin Ruwa?

Tambaya: Malam, na je Tsokomey, inda kogin Densu ke shiga teku, na ga mata masu tsintar kawa (halittar ruwa mai ɓawo biyu da ake ci) suna tsoma wani farin faifai a ruwa suna rubutu. Me suke nema? Kuma wai da gaske ne inda kawa take kifi ya fi yawa? Daga wata mai karatu a Sabon Zango, Accra.

Amsa: Hajiya, lafiyar ruwan suke dubawa. Faifan nan ana sakinsa ne da igiya a hankali har ya ɓace wa ido, sai a auna tsawon igiyar da ta nutse. In ya ɓace da wuri, ruwan ya gurɓace da laka. Suna kuma auna zafi da gishiri, kuma gishirin ne ya fi damuna. Ruwan teku na da kusan giram 35 a kowace lita, kawa kuwa ta fi son inda ruwan daɗi ya gauraya da shi. Da damina, idan aka buɗe madatsar Weija da ke kan kogin, ruwan daɗi ya daɗe a wurin, sai ta fara mutuwa. Tun 2017 matan ke rufe tsinta na wata 5 kowace shekara domin ta hayayyafa, abin da ya burge ni ƙwarai.

Batun kifi, haka ne. Ɓawon kawa idan ya taru yana yin lungu-lungu, inda ƙananan kifaye da ƙaguwa da jatan lande ke fakewa, manya kuma su biyo su. Amma mai bincike ba ya tsayawa kan "an ce". Zai kafa tarko ko ya ja koma kusa da kawar, ya maimaita a fili mai laka zalla, lokaci ɗaya da kaya iri ɗaya, sannan ya ƙirga iri nawa aka kama a kowane wuri, ya auna tsawonsu. Dole a yi da rani a yi da damina. Iskar shaƙa ta cikin ruwa ma da asuba ya kamata a auna ta, don a lokacin ta fi ƙaranci.

Sai dai ki kula, Hajiya. Babbar kawa kan tace lita masu yawa a yini, kuma ƙwayoyin cutar da ke ruwan a jikinta suke taruwa. Faifai ba ya ganin wannan, sai an kai ruwan ɗakin gwaji. In kin saya, ki dafa ta sosai kafin ki ba yara.