Amsa ga 'yar'uwar da kurame suka daina zuwa cocinsu

'Yar'uwa, kin ce kuna da kurame shida da ke zuwa sujada, yanzu saura ɗaya, kina tambayar ta ina za ku fara. Tambayarki ta sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi, domin wannan ciwon namu ne mu duka masu wannan hidima.

Kada ki yarda a ce miki sanyin bangaskiya ne. Mutum ya zauna awa uku yana kallon baki na motsi, jama'a su yi dariya bai san dalili ba, wa zai jure? Abin da ya fi ƙona rai shi ne halin wasu dattawan ikkilisiya. Shekara ta zagayo ba wanda ya koyi ko gaisuwa da hannu, amma ranar Kirsimeti sai a jera bayin Allah a gaba, a miƙa musu mudun shinkafa, a ɗauki hoto. In sun nemi baftisma a ce ba su iya amsa tambayoyin aji ba. Wa ya koya musu? A hana mutum jibin Ubangiji shekara da shekaru saboda laifin da ba nasa ba! Su kuwa dattawan nan sun karanta Littafin Firistoci 19:14 da Markus 7:31-37 sarai.

Ki fara gano wace irin maganar hannu suke yi. Wanda ya yi makarantar kurame yana amfani da wadda ta samo asali daga Amurka, irin ta makarantar da Andrew Foster, ɗan mishan wanda shi ma kurma ne, ya buɗe a Ibadan a 1960. Wanda bai shiga aji ba kuwa da maganar hannu ta gida ya tashi, kuma biyun sun bambanta sosai. Nan ake yawan faɗuwa: a ɗauko mai fassara ɗan makaranta, rabin mutanen ba su gane shi. Maganinsa a sami kurma mai jin duka biyun ya tsaya kusa, yana sake mayar wa sauran.

Benci na gaba nasu ne, ta gefe ɗaya, yadda za su ga mai fassara da mai wa'azi ba sai sun juya wuya ba. Tazarar mita biyu zuwa uku ta isa. Kada taga ta kasance a bayan mai fassara, haske zai maida shi inuwa. Ya sa riga mai launi ɗaya, atamfa mai zane tana gajiyar da ido. Masu fassara biyu ake so, su riƙa canji duk minti 20, in ba haka ba hannu ya gaji, saƙo ya fara zubewa. Fasto ya ba su ayoyi da kan magana tun ranar Juma'a. Ku ajiye fitila mai caji biyu don addu'ar dare, domin da an ɗauke wuta su an rufe musu sujada ke nan. Lokacin addu'a kuma kada wani ɗan agaji ya matsa musu su rufe ido.

Ki kula da bakin mai fassara. Shi ke shiga tsakani a shawarar aure da zuwa asibiti, in sirri ɗaya ya fita, duk kuramen garin za su sani kafin Lahadi, ba kuwa za ku sake ganinsu ba.

Kuɗin mota ma ku sa shi cikin kasafin ikkilisiya, kada ya dogara ga aljihun mutum ɗaya, yawancinsu daga nesa suke zuwa. Su biyar ɗin nan da suka daina, ki bi su gida tare da wanda ya rage, ki tambaye su wa suke so ya jagoranci ajinsu na Littafi Mai Tsarki a cikinsu.