Buroshin askina ba ya kumfa, yana wari, gashinsa kuma yana zuba

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni matashi ne a Tahoua, da kaina nake gyaran fuska. Yayana ya kawo mini buroshin aski daga Yamai, na gashi ne ba na roba ba. Kumfar da nake yi da shi ba ta tsayawa, kafin in gama kunci ɗaya ta bushe a ɗayan. Yanzu kuma ya fara wari, gashinsa yana zuba. Da tafasasshen ruwa nake jiƙa shi don kashe ƙwayoyin cuta, da sabulun wanka nake aski, in na gama sai in sa shi a leda saboda ƙura. Jabu aka sayar wa yayana, ko ni ne ban iya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka zargi mai kanti tukuna. Daga bayaninka, tafasasshen ruwa da ledar nan su ne suke cin buroshin. Amma mu fara da kumfa, tunda ita ce ke ɓata maka rai kowace safiya.

Aikin buroshi shi ne ya ɗauki ruwa ya gauraya shi da sabulu da iska, sannan ya tura kumfar har gindin gashi, ya ɗaga gashin da ya kwanta don reza ta same shi a tsaye. Ga irin gashinmu mai nannaɗewa wannan ba ƙaramin amfani ba ne, domin gashin da aka yanke a kwance shi ne ke komawa cikin fata ya zama ƙurajen aski.

Sai ka san irin gashin da ke hannunka. Ɗauki ɗaya daga cikin silin da suka zube ka ƙyasta masa ashana. In ya yi ƙaurin gashi ya zama toka, na dabba ne. In ya narke ya dunƙule, roba ce. Na dabba iri uku ne a kasuwa. Akwai gashin alade, mai kauri da tauri, shi ya fi araha, Italiya da Fotugal sun yi suna wajen yin buroshinsa. Akwai na wata dabbar daji mai kama da dage, mai laushi da tsada, wanda yawancinsa daga China ake kawowa. Akwai kuma na doki, daga geza da wutsiya, wanda aka fi sanin Sifaniya da shi. Na alade yana shan ruwa sosai, sai ya jiƙu na minti 3 zuwa 5 kafin ya yi laushi; sauran biyun minti 1 ko 2 ya ishe su, na roba kuwa tsomawa kawai. Ruwan ya zama mai ɗumi wanda yatsa zai iya zama a ciki, wajen digiri 40, kuma kada ya kai inda gashin ya shiga mariƙi.

In ya jiƙu, ka matse shi a hankali da yatsu uku har ya daina ɗiga. Ka murza bakinsa a kan sabulu na daƙiƙa 30, har sabulun ya kama gashin ya yi kauri. A nan mutane da yawa suke rowa, su shafa sau biyu su ce ya isa. Sannan ka jiƙa fuska, ka fara zagaya buroshin a kan gashin ba tare da dannawa ba. Bakin gashin ne ke aiki, in ka danne shi har ya baje ka karya masa tsakiya. Da farko kumfar za ta yi danƙo. Sai ka tsoma bakin buroshin kaɗan a ruwa ka ci gaba, ka sake tsomawa ka ci gaba, kamar yadda mai dama fura take zuba nono kaɗan-kaɗan tana murzawa da ludayi. Za ka ga lokacin da ta kai: tana sheƙi, ba ka ganin ƙwayoyin iska a cikinta, in ka murza ta tsakanin yatsu biyu tana santsi. Wadda ta yi manyan ƙwayoyi tana tsiyaya, ruwa ya yi mata yawa tun farko. Wadda ta dushe tana tsattsagewa a fuska, ƙishirwa take ji.

A Tahoua dole ka ba ta ruwa fiye da yadda mutumin bakin teku zai ba tasa. Iskar hunturu da zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ake wuce digiri 40, suna tsotse kumfa nan take. Don haka ka daina shafe fuska duka lokaci guda. Shafa kunci ɗaya ka aske, ka koma ɗayan, kuma ka kauce wa fanka.

Sabulun wanka ma yana da nasa laifin. An yi shi ne don ya wanke datti ya tafi. Sabulun aski kuwa ana ƙara masa sinadarin stearic da gilisarin don kumfarsa ta tsaya ta riƙe ruwa. Ka nemi na aski, na sanda ko na matsawa.

Ka duba ruwanku kuma. Ruwan famfo na Yamai daga kogin Kwara ake tace shi, a Goudel da Yantala, ƙasarku ta Adar kuwa tana da farin dutse, shi ya sa aka kafa masana'antar siminti a Malbaza. Ruwan rijiya ko na burtsatse da ya ratsa irin wannan dutse yakan kwaso kalsiyam da magneziyam, su kuma in sun haɗu da sabulu sai su zama farin dattin da ke kashe kumfa ya maƙale a gindin buroshi. Gwajin mai sauƙi ne: kwalba biyu, ɗaya da ruwan gidanku, ɗaya da ruwan sama ko na kwalba, ka sa sabulu daidai wa daida ka girgiza. In na gidanku ya yi fari-fari ba kumfa, ka ware kofi ɗaya na ɗayan ruwan don aski.

Yanzu ga abin da ke cin buroshin. Gashin an ɗaure shi ne dami guda aka liƙe gindinsa da gam a cikin mariƙi. Tafasasshen ruwa yana sassauta gam ɗin, yana kuma gasa gashin har bakinsa ya lanƙwashe. Sabon buroshi yakan zubar da ƴan sili a makon farko, wannan ba komai. Wanda ya yi watanni yana zuba, gam ne ya saki. Warin kuwa na sabulun da ya kwana a gindi ne da danshin da leda ta tsare har ya yi funfuna. Duk lokacin da ka gama, ka ɗauraye shi kana buɗa gashin da yatsa har ruwan ya fito garau, ka girgiza, ka goga bakinsa a tawul, ka ajiye shi a buɗe inda iska ke ratsawa, ba cikin rana ba. Ko ka rataye shi ko ka tsayar da shi kan mariƙinsa, duk ɗaya ne. Ƙura ba ta kai danshi ɓarna ba, ɗauraya ɗaya ke fitar da ita. Ruwan jabel kada ya taɓa shi, yana narkar da gashin dabba, Omo ma ya yi masa ƙarfi.

Buroshinka naka ne kai kaɗai. Makero yana bin kayan aski, ciwon hanta nau'in B kuma yana bin jinin da reza ta fitar. Tun zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya aka ga sojojin Ingila da na Amurka sun kamu da ciwon saifa, cutar nan ta dabbobi, daga buroshin gashin doki da ba a tsabtace ba kafin a sayar. Sabon buroshi ma ka wanke shi sosai kafin ya taɓa fuska.

In ya tabbata na alade ne, malaman Malikiyya suna ɗaukar gashi a matsayin mai tsarki in yanke shi aka yi ba tugewa ba, ko da na alade ne, na Shafi'iyya kuwa suna ganinsa najasa. Ka tuntuɓi malaminka. Ni dai a shagona buroshin roba nake aiki da shi: ba shakku a kansa, yana bushewa da wuri, kuma na yanzu sun yi laushi ƙwarai.

Naka ɗin ka gwada ceto shi a wannan makon. Wanke shi da shamfu, sannan ka jiƙa gashin na minti 10 cikin ruwan kal na salati, kashi 1 a cikin kashi 4 na ruwa mai ɗumi, ka ɗauraye, ka bar shi kwana 2 ya bushe har gindi. Ka riƙa maimaita haka kowane wata biyu ko uku. In wari ya tafi kuma zubar ta ragu, ka ci gaba da shi. In ka ja gashin a hankali ka ji damin duka yana motsi a cikin mariƙi, ko ka ga tsakiyarsa ta yi rami, to ya gama aiki, sai ka aika wa yayanka saƙo ya nemo maka na roba mai faɗin gindi milimita 24.