Amsa ga mai tambayar kwamfutar gem: haɗaɗɗiya ko haɗin hannu?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na karanta tambayarka, cewa ka tara 'yan kuɗinka kana son kwamfutar tebur da za ta ja wasannin FC da Warzone ba tare da tana cijewa ba, kuma ka rasa ko ka ɗauki wadda aka riga aka haɗa a shago ko ka sayi kayan ɗaya-ɗaya ka ɗaura da kanka. Shawarata ka zaɓi kayanka da kanka. Ko ba kai za ka riƙe sukundireba ba, ya zama ka san sunan duk abin da zai shiga cikin akwatin nan. Na yi amfani da haɗaɗɗiya, na kuma haɗa wa kaina da ƙannena da abokai, to bari in faɗa maka dalili.

Mai haɗawa ya sayar dole ya ci riba, kuma wannan ba laifi ba ne. Sai dai ya san abu biyu mai saye ke tambaya, furosesa da katin hoto. Nan zai sa masu suna, sannan ya matse kuɗi a inda ido ba ya kaiwa. Wani maƙwabcina ya taɓa kawo min tasa saboda tana mutuwa a tsakiyar wasa. Daga waje abin sha'awa, gilashi da fitilu kala-kala. Da muka kwance murfin, akwatin wutar, wato wanda ke raba wa kayan ciki lantarki, ba shi da sunan kamfanin da kowa ya sani, an dai manna masa takarda mai cewa 650W, na ɗaga shi na ji shi sakayau kamar gwangwanin wofi. RAM ɗin sanda ɗaya ce mai 16GB, alhali biyu masu 8GB sun fi ta gudu domin suna aiki ta hanya biyu a lokaci guda. Gaban akwatin kuma gilashi ne rufe ruf, fanka ɗaya tal ke fitar da zafi ta baya. Katin hotonsa lafiya lau yake. Akwatin wuta muka canza, matsalar ta kau, amma kuɗin da ya yi zaton ya rage tun farko sai da ya fita.

Abin da ya fi cin mutanenmu shi ne kalmar Core i7, sunan wani ajin furosesar Intel. Za a ce maka i7 ce, kai kuma ka ji hankalinka ya kwanta. Tambayi zubi na nawa. Akwai i7-4770 da ta fito tun 2013, har yau ana saka ta a sabon akwati mai fitilu a kira ta kwamfutar gem, alhali i3 ta zubi na 12 ta fi ta a wasanni. Ga kuma maganar Windows: Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa a hukumance daga zubi na 8 na Intel yake farawa, ko Ryzen 2000 a ɓangaren AMD. Haka nan kwamfutocin ofis na hannu, irin su Dell OptiPlex, da ake ƙara wa ƙaramin kati a sayar. Injina ne masu ƙarko a aikin da aka yi su dominsa, amma da yawansu madabod ɗinsu da mahaɗin wutarsu na kamfanin ne kaɗai, ranar da ka so saka babban kati za ka tarar babu wuri, babu kuma wutar da za ta ɗauke shi.

Idan kai ka zaɓa, ƙofar ƙari a buɗe take. Soket ɗin AM4 na AMD, wato mazaunin furosesa a kan madabod, ya fito a 2016, kuma wanda ya sayi madabod B450 da ƙaramar Ryzen zai iya ɗora Ryzen 5000 a kai bayan ya sabunta BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod ɗin, ba tare da ya taɓa sauran kaya ba. Don wasannin da ka ambata a allon 1080p, Ryzen 5 5600 da madabod B550, RAM DDR4 sanda biyu masu 8GB, SSD mai 1TB, da katin RX 6600 ko RTX 3060 mai 12GB za su riƙe ka sosai. In aljihu ya yarda ka haura soket ɗin AM5, wanda ya zo a 2022, amma ka sani RAM DDR5 kaɗai yake karɓa, kuɗin zai tashi.

Yanzu maganar da bidiyoyin 'yan Amurka da Turai ba za su yi maka ba, wato wutarmu. A kawo, a ɗauke, ta dawo da ƙarfi, a tashi janareta. Duk wannan a kan akwatin wuta yake sauka, kuma marar kyau idan zai mutu yakan tafi da madabod ko kati. Nemi na kamfanin da aka sani, mai shaidar 80 Plus Bronze ko Gold, 550W zuwa 650W ya ishi haɗin da na jera. Ka ware kuɗin sitabilaiza ko UPS tun a lissafin farko, kada ka bar shi sai in an samu rara. In da inbata kake amfani, duba cin wutar kati: RTX 4060 wajen 115W yake ja, RTX 3060 kuwa 170W, kuma batir zai nuna maka wannan bambancin da daddare. Wani abu ƙarami mai haɗari: tsofaffin akwatunan wuta da ke zuwa daga Amurka wasu na da jan makunni a baya mai 115 da 230. Wutarmu 230 ce. In yana kan 115 ka jona, nan take zai yi ƙara ya ƙone. Sai zafin Afrilu da ƙurar hunturu, saboda su nake cewa akwati mai raga a gaba ya fi mai gilashi, kuma a riƙa hure shi lokaci-lokaci.

Haɗin hannu ma yana da nasa nauyin, kada in ɓoye maka. Garantinka a warwatse yake, kowane kaya da shagonsa. In ka danna makunni allo ya ƙi kawowa, kai za ka bi RAM da wayoyi ɗaya bayan ɗaya har ka gano. Furosesar AM4 ƙananan ƙafafu ne da ita a ƙasa, akwai alamar kusurwa uku da za ka daidaita da ta soket, ta zauna da kanta ba tare da ka danna ba. Ka ɓare ledar da ke ƙasan fankar furosesa kafin ka ɗaura, wayar allo kuma a katin hoto ake jona ta, ba a madabod ba. Katin hannu kuwa sai ka yi hattara, domin bayan an daina haƙar kuɗin kirifto na Ethereum da katin hoto a Satumbar 2022, katunan da suka sha aiki dare da rana sun cika kasuwa. Kada ka biya sai an kunna a gabanka, manhajar GPU-Z ta tabbatar da sunansa, manhajar FurMark ta gasa shi na ɗan lokaci kana kallon zafinsa da fankokinsa.

Akwai inda zan ce ka ɗauki haɗaɗɗiya. A 2021, lokacin ƙarancin kati, mutane da yawa ta nan kaɗai suka samu kati a farashi mai ma'ana. Yau ma in ka yi nisa da babbar kasuwa, ka samu mai shagon da zai rubuta maka lambar kowane kaya har akwatin wuta, ya buɗe murfi ka gani, ya ba ka garanti a rubuce, babu aibu. Wanda ya ƙi buɗewa, ka yi gaba. In kuma hannunka ne ke rawa, sayi kayan ka kai wa mai gyara ya ɗaura kana zaune kusa da shi, ka biya shi ladan aikinsa.

Turo mana adadin kuɗin da ka ware, da ko kuɗin allo da sitabilaiza na ciki, da irin wutar da kuke samu a unguwarku, sai in jera maka kayan da za su dace da juna.