Amsa ga ɗan ƙanwata game da malafar kaboyi da asalin gidan uwargidana

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da mahaifiyarka, saƙonka ya iso ni. Ka ce ka ga hotona a kan doki sanye da malafar kaboyi, kana son sanin ko wannan al'ada ce mai tushe ko kuwa kwaikwayon silima ne, sannan kana mamakin yadda uwargidana, wadda baƙar fatar Amurka ce, take kiran wannan al'ada gadon gidansu.

Ba zan ɓoye maka ba, a silima son ya fara. Muna yara a Kano mukan tara kwabbai mu shiga Plaza da ke Fagge don kallon fim ɗin kaboyi, kuma duk jarumin da muka gani a kan sirdi Bature ne mai bindiga. Sai da na zauna a jihar Teksas ta Amurka na shiga dangin matata na gane cewa kaboyi makiyayi ne ɗan ƙwadago, wanda igiya da linzami suka fi bindiga amfani a wurinsa. Sana'ar ma daga makiyayan Meziko aka koye ta, su kuma Sifaniyawa ne suka kawo musu shanu da dawakai.

Da yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, Teksas cike take da shanu masu dogon ƙaho waɗanda ba su da kasuwa, har sān da ake sayarwa kamar dala 4 a can yakan kai dala 40 a biranen arewa. Saboda haka daga 1867 aka riƙa kora su da ƙafa zuwa garin Abilene a Kansas, inda jirgin ƙasa ya tsaya. Garke ɗaya yakan kai shanu 2,500 zuwa 3,000 a hannun mutum goma sha biyu ko kusa da haka, ana tafiyar mil 10 zuwa 15 a yini don kada dabbobin su rame, a shafe wata biyu ko uku a hanya. Da dare masu gadi kan kewaya garken suna rera waƙa a hankali, domin tsawa ɗaya ta isa ta firgita shanun su watse. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin huɗu na waɗannan mutane baƙaƙe ne, yawancinsu 'yantattun bayi da suka iya shanu tun suna hannun iyayengijinsu. Zamanin bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba, don wayar shinge mai ƙaya da aka yi wa rajista a 1874 ta toshe burtali, layin dogo kuma ya iso Teksas.

A nan ne asalin matata ya shigo, kuma neman sa ya ci mana shekaru. A ƙidayar 1850 da ta 1860 ba a rubuta sunan bawa ba. Shekarunsa da jinsinsa da launinsa kawai ake sawa a ƙarƙashin sunan mai shi, kamar yadda ake lissafin dukiya. Ƙidayar 1870 ce ta fara kiran 'yantattun bayi da sunayensu. Na tuna daren da muka same shi a kwamfuta, a cikin wani tsohon shafi mai rubutun hannu daga wata ƙaramar hukuma da ke kudu da birnin Houston a Teksas: sunan kakan kakanta, an rubuta sana'arsa kiwon shanu, an kuma yi alama a gurbin waɗanda ba su iya karatu ba. Ta ɗora yatsa a kan sunan, ta daɗe ba ta ce komai ba. Daga baya muka je ofishin magatakardan ƙaramar hukumar, inda ake ajiye littafin rajistar lalas, wato tambarin da kowane mai shanu ke ƙona wa dabbobinsa, muka tarar da tambarin ɗansa ya yi daidai da ƙarfen da ke rataye a falonmu, wanda ta gāda daga kakarta ba tare da sanin mafarinsa ba. Daga 1870 zuwa baya kuwa hanya ta ƙure mana, kuma wannan yana ci mata rai har yau.

Shi ya sa idan ƙarshen Fabrairu ya zo muke bin ayarin mahaya da ke shiga Houston gabanin bikin baje kolin dabbobi, bikin da ake yi tun 1932. Baƙaƙen mahaya daga Prairie View, wani ƙaramin gari kusa da Houston, sun kafa nasu ayarin a 1957, lokacin da wariyar launin fata take da ƙarfi. A wannan tafiya aka ɗauki hoton da ka gani.

Ni kuwa da na fara bin ayarin, sai labarin kakana ya riƙa dawo mini, mutumin da ya yi fataucin shanu yana kora garke da ƙafa zuwa Kurmi, ya ƙetare Kwara a Jebba, ya bi ta Ilori har Badun. Ban ce al'adarmu da tasu ɗaya ba ce, amma wanda ya san ƙishirwar garke a tsakanin mashaya biyu ba zai raina ɗan'uwansa makiyayi ba, ko daga wace nahiya yake. Mu ba a taɓa raba mu da sunayen kakanninmu ba, sai dai a baki muke riƙe su, kuma masu riƙon suna ta ƙarewa.

Don haka ina roƙonka, idan ka je gida da Sallah, ka zauna da yayar mahaifiyarka, ita ce babbarmu da ta rage. Ka sa ta jero maka kakanni tun daga kanmu har inda ta tsaya, da garuruwan da suka zauna, da zangon da kakana ke sauka a hanyar Kurmi. Ka ɗauki muryarta a waya, ka kuma rubuta a takarda, ka aiko mini da kwafi domin 'ya'yana su haɗa shi da na wajen mahaifiyarsu.

Ka gaishe mini da kowa da kowa.

Kawunka.