Amsa: Shin jerin haɗura na farkon aiki ya wadatar?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko jerin haɗuran da kuka rubuta ranar fara aiki, wato matsalolin da ka iya tasowa su kawo wa aikin cikas, zai kai ku ƙarshe. Gaskiya ba zai kai ba. Dubi filin jirgin sama na Berlin a Jamus. An fara gininsa a 2006, aka sa ranar buɗewa a Yuni 2012, sai ana saura 'yan makonni aka fasa saboda na'urorin kashe gobara da fitar da hayaƙi ba su samu amincewar hukuma ba. Sai Oktoba 2020 aka buɗe shi, kuɗin ya ninka fiye da sau biyu. An yi ta sauya zanen ana tsakiyar gini, kowane sauyi kuwa da haɗarinsa yake zuwa.

Shi ya sa ya kamata ku riƙa duba jerin a kowane zaman mako. Kowane haɗari a ɗora wa mutum guda da sunansa, domin abin da aka bar wa kwamiti babu mai kwana da shi a rai. Ku ware kuɗin ko-ta-kwana daban, kuma duk wanda ya nemi a sauya zane, ya fara faɗin kwanaki da kuɗin da sauyin zai ci.